Sunan da Bakin Adda Ya Ƙi Faɗa

Yau shekara bakwai ke nan da maza suka ɗauki Adda daga tsakar gidanmu a Haɗejiya suka kai ta makwancinta. Adda yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Hauwa. Kalmar Adda ɗin tana cikin ɗan abin da ya rage mana na Fulatanci, don kakanninmu sun daɗe da rabuwa da shanu sun shigo gari. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, a bayanta na yi wayo. Duk shekara in ranar nan ta zagayo, waina nake soyawa in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na soya wainar, na yi addu'ar, shirun ne kawai ba zan iya ba.

Abin da ya fama min tsohon miki labari ne da na ji a rediyo kwanakin baya, ina tsintar shinkafa. Wai kotun nan ta duniya da ke can ƙasar Turawa ta ba da sammacin kamo shugabannin wata ƙasa mai nisa, saboda sun hana mata makaranta, sun hana su aiki, sun kulle su a gida, wadda ta fita kuma ta sha bulala. Mai karanta labarin ya ce a dokar duniya wannan laifi ne a kan bil'adama gaba ɗaya. Na ajiye farantin na yi tagumi. Ashe abin da aka yi mana yana da suna a takarda! Ashe akwai inda ake kiran shugaba da sunansa da na ubansa, a ce ya zo ya amsa abin da ya yi wa mata. Shinkafar da ban gama tsinta ba ke nan sai da la'asar.

Adda ta auri wani Babarbare mai fataucin kifi, Bukar, wanda yakan kawo banda kasuwar Haɗejiya. Ya tafi da ita garinsu a bakin Tafkin Chadi, ta koyi bandar kifi har ta fi matan garin iyawa. Ta haifi uku: ta farin mace, sai maza biyu. 'Yar farin aka sa mata sunan uwar Bukar, don haka dangin uba suka riƙa kiranta Yagana, wato ƙaramar uwa. Duk wanda ya san ƙasar Barno ya san in ka tsaya a bakin rijiya ka ce Yagana, mata biyar za su waiwayo.

Ita kuwa Adda ko Yaganar ba ta taɓa faɗa ba. Kunyar 'yar fari ce irin ta gidanmu, wadda muka sha a nono. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta nawa ba ta sa shi a ciki. Ga shi kuma sunan surukarta ne. Sunan uban ma, da yake mijinta ne na fari, ba ya fita a bakinta. "Ke" take ce wa yarinyar, ko "waccan," in tana cikin raha ta ce "'yar mutanen gidan nan." A wurina Yagana ta yi sakandare, daga nan ta tafi horon malanta, ta gaje ni. Da ta kawo takardar gamawa Adda tana Haɗejiya, ko kallonta ba ta yi ba, sai cewa ta yi miya ta yi gishiri. Da azahar na leƙa ɗaki na same ta ita kaɗai, ta riƙe takardar a juye, tana shafa ta da gefen mayafinta. Ta gan ni ta ce, "Ke 'yar boko, ƙura nake gogewa."

Shekara biyu Yagana ta yi tana koyarwa a garin ubanta kafin mutanen nan su ci garin. Kun san su. Har yau "yaran nan" muke ce musu, kamar wasu 'ya'yan maƙwabta da suka fasa tulu. Waɗanda aka ɗora wa tsaron garin sun fice tun kafin a ji ƙarar bindiga, manyan gari masu mota suka bi bayansu. Doka ta farko da aka karanta a kasuwa a kan mata ce. Ba kasuwa, ba gona, ba makaranta, ba asibiti sai da namiji. Adda da ta shekara ashirin da wani abu tana ciyar da gida da hayaƙin banda, aka ce hayaƙinta ma kada a gani daga waje. Yagana kuwa ba ta iya zama ba. Ta riƙa tara 'yan matan maƙwabta a rumfar bandar uwarta, tana rubuta musu baƙi da wasali da gawayi a jikin garu, in an tashi ta goge da tsumma.

Wani ya kai tsegumi. Da hantsi suka zo suka ja ta zuwa kasuwa, suka tattaro matan unguwa, ranar dai an yarda mata su fito, don su gani. Wanda ya ba da umarni ba baƙo ba ne, ya sha sayen kifi a hannun Bukar, ya sha cin tuwon Adda. Bukar ya durƙusa yana roƙo, aka harbe shi a wurin. Ita kuma aka yi ta dukanta har ta daina motsi. Adda ta goya ta zuwa gida, macen da ba ta taɓa goyonta a gaban jama'a ba ko tana jaririya. Kwana biyu Yagana ta yi, a na uku ta cika. Bayan wata guda Adda ta iso Haɗejiya a bayan motar gawayi, da zane ɗaya da 'ya'yanta maza biyu.

Ta zauna a wurina. Ba ta yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya. Ta haɗa murhun banda a bayan gida, tana sarin tarwaɗa daga masuntan fadama, tana mita wai ciyawar kachala ta cinye mana kogi, kifinmu duk ƙaya ne. Mutane suka riƙa cewa kai, Hauwa akwai haƙuri. Ni kuwa wannan yabon haƙurin ya fi zagi yi min ciwo. In mace ta yi shiru an huta da ita, sai a ba ta lambar yabo.

Wata rana wasu mutane suka zo a farar mota, suna bin 'yan gudun hijira suna ɗaukar shaida. Suka ce abin da aka rubuta zai iya kaiwa har kotun duniya. Ni na matsa wa Adda. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki je ki faɗa musu komai. Ta yi wanka ta sa zanen da na saya mata na salla, muka je. A bakin ƙofa aka tsayar da ni, wai mai shaida kaɗai ke shiga, kada dangi su sa mata magana a baki. Na zauna a gindin dalbejiya ina jira. A ciki akwai wata baƙuwa mai rubutu, da tafinta, wani magidanci Bahaushe mai furfura a gemu.

Abin da ya faru a ɗakin, daga baya na tattara shi. Aka tambaye ta wa ya ba da umarni, ta faɗi sunansa da na ubansa da unguwarsu, ba ko gargada. Aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce biyu. Suna ina? Suna nan Haɗejiya, lafiyarsu ƙalau. To wace ce aka kashe? Ta ce, "Waccan." Wace waccan? "'Yar mutanen gidan." Mene ne sunanta? Shiru. Sunan ubanta fa? Shiru. 'Yarki ce ko ba 'yarki ba ce? Adda ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Baƙuwar ba ta da laifi sosai, ba ta san mu ba. Amma shi tafintan, wanda na tabbata uwarsa ma ba ta taɓa kiran sunan yayansa ba, ya san abin da yake gani sarai. Kalma uku zai yi da Turanci ya warware. Bai yi ba. Da ya rako ta waje ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malama, tsohuwarku ta rikice. Maganarta ba ta haɗu ba, ba za ta shiga ba. Wannan kunyar ƙauyen ai ta wuce zamani." Na ce ni na san sunan, in faɗa. Ya ce, "Ke kika gani da idonki?" Allah ya isa tsakanina da murmushin nan.

Sai dai kafin in yi wa wani Allah ya isa, bari in faɗi nawa laifin, don shi ya fi hana ni sakewa. A hanyar gida, a gaban masu kayan miya, na juya na ce mata, "Adda, kin kashe ta sau biyu." Magana zarar bunu ce. Muka shiga gida. Ta cire zanen sallar ta ninke, ta ɗaura na aiki, ta zauna gaban murhu, sannan ta ce, "Kin zaci yau na fara kasawa? Ranar da za ta tafi, kanta yana kan cinyata, ta ce, Inna, ki kira sunana ko sau ɗaya in ji. Na buɗe baki. Sai 'ke' ta fito." Ta juya kifin da ke kan waya.

Shekarun nan bakwai na yi ta juya maganar kunya a raina, kuma na gano ba Adda kaɗai ke yin ta ba. Ƙasar nan gaba ɗaya kunyar ɗan fari take yi, amma ga masu kisa. Buɗe rediyo ka ji: "wasu da ba a san ko su wane ne ba." Buɗe jarida: "wani babban mutum," "wasu masu faɗa a ji." Wa ya saya musu bindiga? Wasu. Wa ya janye masu tsaro? Daga sama ne. Wa ya riƙa sa matan da suka tsira su sayar da mutuncinsu kafin a ba su abinci a sansani? Ba a kama suna. Mu ne ma muka ƙago karin maganar wai ba a mugun sarki sai mugun bafade, don mu wanke na sama mu bar jaki muna dukan taiki. Ita Adda don ƙauna ta ɓoye suna. Ku don me kuke ɓoyewa? A takardar farko da na aiko wa jaridar nan na rubuta sunan mutumin da ya sa aka doki Yagana, aka ce in cire, kada ya kai ƙara. Ya kai ƙara! Labarin da ya zo mana shi ne ya ce ya tuba, an karɓi tubansa, yana can wani gari yana sana'arsa. Tuba tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ban shiga ba. Amma wa ya yafe masa a madadin Adda? Wa ya zo ya tambaye ta?

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ji labarin sammacin nan. Na san ta. Ba za ta ɗago daga murhu ba, za ta ce, "To, an kamo su?" In ce a'a, takarda dai aka fitar. Ta ce, "Kotun tana da 'yan sanda?" In ce ba ta da su, sai in sun fita wata ƙasa a kama su. Ta yi 'yar dariyar nan tata ta hanci ta ce, "Ashe su ma a gida za a kulle su." Kuma na san tambayar da za ta biyo baya, don ta yi min ita fiye da sau ashirin tana raye: "Masu farar motar nan ba su dawo ba?"

Ba su dawo ba. Kuma kada wani ya ɗauka ina yi wa kotun nan kirari. Ina da ido. Na ga tana da ƙarfi a kan marasa gata, in ta zo kan manyan ƙasashe sai muryarta ta dushe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma masu zama a majalisa suna cewa duk makircin Turawa ne don a ci mutuncin addini, ina so su zo su faɗa min a fuskata. Wane addini? A gaban malamin allo na fara jin cewa neman ilimi wajibi ne a kan mace da namiji. Yagana ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, baƙi da wasali take koya wa yara. In ba ku son a yi shari'ar a ƙasar Turawa, madalla, ni ma ban so. Ga kotuna nan a gida, ga alƙalai, ga manyan riguna. Ku yi ta a nan mana! Shekara nawa muna jira ko mutum ɗaya daga cikin masu ba da umarni ya tsaya a gaban matan da ya zalunta, a karanta masa sunayensu ɗaya bayan ɗaya?

Modu, babban ɗan Adda, yanzu magidanci ne, yana noman shinkafa a fadama ta wajen Miga. Da ya ji zan yi rubutun nan ya zo har gida ya zauna a bakin tabarma. Yafendo yake ce min, wato ƙanwar uwa. Ya ce, "Yafendo, don Allah a bar wa Allah. Mutumin nan yana raye, yana da mutane, mu kuma muna da yara." Ban ga laifinsa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya ga abin da ban gani ba. Na ce masa, "Modu, Allah muka bar wa tun farko. Amma Allah bai ce mu haɗiye shaida ba." 'Yarsa ta fari sunan yayarsa ya sa mata, ga ta nan tana aji uku, amma Ummi ake ce mata, shi ma bakinsa ba ya iya faɗa. Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce, "To, ki rubuta daidai yadda Inna ta faɗa. Kada ki gyara mata."

Don kuwa ta faɗa. Bayan ranar farar motar, Adda ta shiga koyon abin da ba a taɓa koya wa uwa ba. In na dawo daga makaranta nakan tsaya a bayan katanga in ji ta ita kaɗai gaban murhu, tana fara harafin farko tana tsayawa, ta yi tari, ta sake farawa. Mace mai jikoki, tana fama da kalma ɗaya kamar 'yar aji ɗaya. Na so in shiga in ce ta bari, in ce ta yafe min, ban yi nufin abin da na faɗa ba. Girman kai da kunya suka riƙe ni, nawa irin kunyar ke nan. Shekara biyu tana haka. Damina ta zo, ruwa ya ci gonaki har ya taɓa jingar da ke tare wa gari ruwa, ya janye, ƙirjinta ya kama, hayaƙin shekaru ya nemi haƙƙinsa.

Ranar da za ta rasu, bayan azahar, ta ce in tashe ta zaune. Ta ce, "'Yar boko, ɗauko biro." Na yago takarda daga littafin shirin darasi. Ta ce in masu farar mota sun dawo in ba su, in ce daga bakinta ya fito, ba wanda ya sa mata. Ta yi maganar a hankali, idonta a rufe, gumi yana keto mata kamar mai naƙuda. Da ta gama ta ce in karanta mata, na karanta. Ta ce, "Haka ne." Na ce, "Adda, ki yafe min maganar nan." Ta ce, "Wace magana? Gyara min filo." Kafin magariba ta tafi.

Me ya rage na Adda yau? Murhun ya rushe tun daminar da ta biyo baya. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, hotonta ɗaya ne, shi ma ta kawar da kai. 'Ya'yanta suna nan, Allah ya raya. Haƙurin da ake yaba mata ban ɗauke shi gado ba, ku riƙe abinku. Abin da ta bari mai nauyi shi ne takardar nan, don a kanta ta karya abin da uwarta da kakarta ba su taɓa karyawa ba, kuma na ga abin da ya ci mata. Shekara bakwai tana cikin akwatina ina jiran masu farar mota. Na gaji, ni ma na tsufa, ba na so in mutu a same ta a ƙarƙashin zannuwa a kunna wuta da ita. Ban san ko akwai mai karanta Hausa a kotun duniya ba. Ban san ko alƙalan gida suna karanta jarida ba. Amma shi mai tuban na san ya iya karatu, kuma akwai masu kai masa labari. To ga shaidar da aka ce ba ta haɗu ba, yadda ta faɗa, ban gyara ko wasali ba:

"Ni Hauwa, uku na haifa, ba biyu ba. Ta farin mace ce, malama ce. A gabana aka dake ta, a cinyata ta mutu. Ubanta Bukar, mijina. Sunanta Falmata. Falmata. 'Yata ce."